Wai menene ainihin abincin Amurkawa, kuma daga ina suka samo shi?

Maman Ilham, Agege

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah tambaya gareni ga waɗanda suka taɓa zama Amurka ko suka san tarihinsu. Ni sana'ata girki ce, abincin biki da suna da walima nake yi a nan Agege, wani lokacin a kirani Ikeja ko Ogba. To wata Hajiya ce da na daɗe ina mata aiki, a Lekki take, ɗanta zai dawo hutu daga karatu can tare da abokansa baƙaƙen Amurka musulmi, tace bayan jollof da waina da farfesun da aka saba tana so a sa abincin Amurka kala uku ko huɗu a tebur don baƙin su sake jiki. Na duba a waya abinda yake ta fitowa boga ne da hot dog da fiza da soyayyiyar kaza da cibs, sai ƙanina yace min wai fiza ta Italiya ce boga ta Jamus cibs na Faransa, shi a ganinsa ma Amurkawa basu da abincin kansu ko guda ɗaya duk na mutane suka kwashe. To idan haka ne wanne zan kira abincin Amurka? Sannan abinda yafi tsaya min a rai maganar naman alade, naji ance kusan komai nasu sai sun saka, bana son in ciyar da mutane haram da hannuna. A taimaka da bayani, daga ina waɗannan abubuwan suka samo asali kuma wanne zan iya yi da kayan da zan samu a kasuwar Agege ko Mile 12. Nagode.

Abu Hanif, Bronx

Wa alaikumus salam Maman Ilham, sannu da ƙoƙari Allah ya sa albarka a sana'a. Ni ɗan Idi-Araba ne amma na jima a New York ina jan tasi, abubuwan nan kullum a gaban idona suke. Ƙaninki ya faɗi rabin gaskiya ya bar rabi a aljihu.

Mu fara da boga. A shekarun 1800 Jamusawa sun yi ta kwarara Amurka, da yawansu daga tashar jirgin ruwa ta Hamburg suke tasowa, kuma akwai wani nama da ake niƙawa a dunƙule a soya a ci a faranti, gidajen abinci na New York suna kiransa naman Hamburg. Sunan garin ne ya bishi har ake ce masa hamburger, ba don "ham" na naman alade ba, ki kwantar da hankalinki asalin boga naman sa ne zalla. Abinda aka yi a Amurka shine cusa naman tsakanin biredi don lebura ya ci a tsaye da hannu ɗaya ya koma bakin aiki. Wanda ya fara yin hakan kuwa har gobe musu ake, wani ɗan gidan abinci mai suna Louis' Lunch a New Haven sun ce su ne a 1900, mutanen Seymour a jihar Wisconsin sun ce wani yaro Charlie Nagreen ne a wajen baje koli a 1885, 'yan Texas ma suna da nasu mutumin, kowa dai da gwaninsa.

Amma ni inda na fi ganin hannun Amurka a wajen sayarwa ne. A 1906 an fitar da wani littafi da ya tona ƙazantar da ake yi a mahautan Chicago, mutane suka tsorata da niƙaƙƙen nama don baka san me aka zuba a injin ba. Sai a 1921 kamfanin White Castle ya buɗe a Wichita jihar Kansas, suka shafe shagon da farin fenti, ma'aikata cikin fararen kaya tsaf, ana gasa naman a gabanka kana kallo, kuma senti 5 kacal, shine mutane suka dawo. Daga baya wasu 'yan uwa biyu Richard da Maurice McDonald a San Bernardino California, a 1948 suka soke yawancin abincin da suke sayarwa suka bar kaɗan, suka daina faranti da cokali aka koma takarda, kowane ma'aikaci aiki ɗaya yake yi wani gashi wani yanka wani naɗewa, boga senti 15 kuma baka jira. Ray Kroc da yake tallar injin kaɗa madara ya gani ya buɗe reshe a 1955, daga nan abin ya mamaye duniya. To kinga nama na Jamus, amma wannan tsarin na sauri da araha da rassa ko'ina nasu ne babu mai ƙwace musu.

Hot dog ma hanyarsu ɗaya. Sosej ne na Frankfurt da Vienna, wani Bajamushe Charles Feltman ya shahara da sayar da shi cikin dogon biredi a bakin ruwa na Coney Island nan Brooklyn, sai yaronsa Nathan Handwerker, Bayahude ɗan Poland, ya ɓalle ya buɗe nasa a 1916 ya karya farashi daga senti 10 zuwa 5. Shagon na nan har yau, duk 4 ga watan Yuli ranar 'yancinsu ake gasar cin hot dog a wajen, mutum ya haɗiye sama da 60 cikin minti 10, abin ba kyan gani wallahi. Fiza kuwa ta Napoli ce babu gardama, Italiyawa suka zo da ita, shagon Lombardi's a New York tun 1905, mutanen Chicago kuma suka yi tasu mai kauri a 1943. Cibs Beljiyam da Faransa ne suke ta faɗa a kai.

Maganar alade, boga idan da hannunki kika niƙa nama shikenan. Hot dog ne abin tsoro, akwai na sa akwai na kaza akwai wanda aka cakuɗa da alade, har fatar da ake ɗura shi ciki wani lokacin hanjin alade ce, sai kin karanta jikin leda da kyau. Jan yankakken naman da ake jerawa kan fiza, pepperoni, shima yawanci akwai alade ciki.

Malam Na-Yaba

Hajiya Maman Ilham barka da aiki. Malam Abu Hanif ya yi bayani mai kyau amma ya tsaya a abincin bakin titi na garuruwan arewacin ƙasar. Tunda kika ce baƙin nan baƙaƙen fata ne, ki juya kudu, jihohin Carolina da Georgia da Louisiana, a can ne za ki sha mamaki don tukunyarsu da tamu dangi ne na jini.

Tun 1619 aka fara sauke 'yan Afirka a Virginia, bauta bata ƙare ba sai 1865, kuma duk tsawon wannan lokaci su waye a madafi? Bayi ne, su ke noma su ke dafawa, na gidan ubangida da na kansu. Masu gonakin shinkafa na South Carolina har fifita bayin da aka kamo daga yankin Senegal da Gambiya da Saliyo suke yi, saboda mutanen nan sun gaji noman shinkafa a fadama, sun san tare ruwa da sakinsa, sun san sussuka a turmi da shiƙa da faifai, Bature bai iya ba. Arzikin Charleston a kan wannan ilimin aka gina shi. Jikokinsu su ne ake kira Gullah, har yanzu suna saƙa faifai irin na da. Abincinsu da ya fi suna shine Hoppin' John, kuma ba komai bane illa shinkafa da wake, farin waken nan namu mai baƙin ido wanda daga Afirka ta Yamma aka kai shi, tun 1847 yana cikin littafin girki da aka buga a Charleston, kuma ranar 1 ga Janairu suke cinsa wai yana kawo sa'a. Su da naman alade mai hayaƙi suke dafawa, musulminsu kuma suna sa talo-talo mai hayaƙi a madadinsa, wanda ko a nan Legas ana samu.

Sai gumbo na Louisiana, miya ce mai kauri da ake zubawa kan shinkafa, a cikinta za ki ga duk waɗanda suka zauna a garin New Orleans. Kuɓewa tamu ce, soya fulawa da mai har ta yi ja daga girkin Faransawa aka ɗauko, garin ganyen wata bishiya da ake barbaɗawa don kauri kuma na ƙabilar Choctaw ne 'yan asalin wajen. Akwai jambalaya, shinkafa dafa-duka da nama da jatan lande, duk wanda ya san jollof idan ya gani zai yi murmushi. Riɗi ma da kankana daga nan suka tafi.

Soyayyiyar kaza kuwa masana suna cewa haɗuwa ce, mutanen Scotland suna da al'adar soya kaza cikin mai, matan Afirka suka zo da iya yaji da kayan ƙamshi. A wurare da yawa kaza ce kaɗai aka bar bawa ya kiwata don kansa, shi yasa bayan an 'yanta su ta zama jari. A garin Gordonsville na Virginia mata ne suke ɗora tire a ka su tari jirgin ƙasa suna miƙa wa fasinja kaza ta taga, da wannan wasu suka gina gidaje. Lokacin wariyar launin fata da ba a barin baƙar fata ya zauna a gidan abincin farare, idan za a yi tafiya kaza ake soyawa a zuba a kwalin takalmi a yi guzuri don bata saurin lalacewa. Harland Sanders ya fara sayar da tasa a gidan mai a Corbin jihar Kentucky wajen 1930, reshen farko na KFC a Utah a 1952, suka iso mana Legas a 2009, hotonsa ne a jikin bokiti amma ba shi ya fara ba. Ko makaroni da ciz da yaransu suke so, Thomas Jefferson shugabansu na uku ake dangantawa da shi don ya ciyar da baƙi a fadarsa a 1802, alhali tun kafin nan wanda ya riƙa dafa masa abinci, James Hemings, bawansa ne da ya tafi da shi Paris a 1784 ya koyo girkin Faransawa. Kamfanin Kraft ya sa makaroni da ciz ɗin a kwali a 1937 lokacin da talauci ya yi wa Amurkawa katutu.

Abinda ya fi taɓa ni shine labarin Bilali Muhammad, Bafulatani daga Timbo a Futa Jallon ta ƙasar Gini, wanda aka bautar a tsibirin Sapelo na Georgia, ya rasu ya bar rubutu shafi 13 da Larabci. A shekarun 1930 da aka yi hira da zuri'arsa sun tuna kakanninsu mata suna jiƙa shinkafa su daka a turmi su sa zuma ko sukari su mulmula, a raba wa yara a wata rana ta musamman, suna kiran abin saraka. Gumbar sadaka ce fa da iyayenmu suke yi, ta tsallake teku ta rayu a hannun mutanen da aka raba da komai nasu.

Alhaji Mai Goro, Agege

Allah ya saka da alheri Malam, ka wanke min zuciya. Ni dama na daɗe ina faɗa wa yaran nan masu rawar kai da kayan Turawa cewa duk abin nan namu ne aka kwashe aka sa a kwali aka dawo mana da shi da tsada. Kuma kun manta da babba, goro. Lemon Coca-Cola da duk duniya take sha, wani mai haɗa magani John Pemberton ya haɗa shi a Atlanta a 1886, da ganyen koka na Kudancin Amurka da goron Afirka ta Yamma ya fara, a shagon magani ake sayar da shi kofi senti 5 a matsayin maganin gajiya da ciwon kai. To mu wa zai gaya mana goro yana kore gajiya? Kakanninmu da ƙafa da jakuna suke zuwa Gwanja ɗauko shi, wata da watanni a hanya, marigayi Alhassan Dantata ma da fataucin goro ya fara kafin gyaɗa. Da aka buɗe layin dogo daga Ikko zuwa Kano a 1912 sai harka ta dawo nan, gonakin goro suka cika Agege da Ifo har Shagamu, iyayenmu suka zauna suna saye suna ɗaure huhu ana lodawa a jirgi zuwa Arewa. Zaman Hausawa a Agege goro ne ya kafa shi, yanzu gonakin duk sun zama gidaje. Saboda haka 'yata Maman Ilham ki dafa musu wake da shinkafarki da mai da yaji, ki ajiye musu lemo mai sanyi da farin goro a faranti, kin gama basu abincin Amurka, kada ki wahalar da kanki.

Ummi Fa'iza, Surulere

Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, a yi min afuwa zan ɗan sa baki, ni ɗaliba ce ɓangaren kimiyyar abinci nake karanta. Maganar goro gaskiya ce amma cewa duk namu ne, anan kam sai mun yi adalci, don idan aka ce kowa ya mayar da kayan aro mu ne za mu fi shiga uku. Masara daga Meziko take, can aka fara nomata shekaru wajen 9,000 da suka wuce. Rogo daga yankin Barazil. Tumatir, barkono da attaruhu da tattasai, dankalin Hausa da na Turawa, gwanda, abarba, kokon da ake yin cakulan, duk daga nahiyar Amurka jiragen Fotugal da Sifen suka yaɗa su bayan 1492. A cire tumatir da attaruhu a jollof a gani me zai rage, a cire rogo a Legas a ga inda gari da eba za su fito. Hatta gyaɗa da muka yi dala da ita a Kano, asalinta Kudancin Amurka ce, Turawan Fotugal suka kawo ta Afirka, muka karɓe ta hannu biyu, sannan ta sake tsallaka teku zuwa Amurka ta Arewa a zamanin cinikin bayi. Can da farko abincin talaka da dabbobi suka ɗauke ta. George Washington Carver, wanda shi kansa a cikin bauta aka haife shi, shi ya yi ta jan hankalin manoman Alabama daga makarantar Tuskegee su shuka gyaɗa don auduga ta cinye ƙarfin ƙasarsu. Mutane suna cewa shi ya ƙirƙiro niƙaƙƙiyar gyaɗar shafa wa biredi amma ba haka bane, wani ɗan Kanada Marcellus Edson ya yi rajistar tasa a 1884, likita John Harvey Kellogg ma ya nemi tasa a 1895, shi ne dai na Cornflakes ɗin da muke ba yara, a garin Battle Creek na Michigan yake da gidan jinya yana neman abinda marasa lafiya za su ci ba nama.

Kuma Anti Maman Ilham ki gaya wa ƙaninki akwai mutane a ƙasar kafin Bature ya taka ta, kuma suna cin abinci. Su ke shuka masara da wake da kabewa a rami ɗaya, waken ya hau karan masara ya kuma ƙara wa ƙasa taki, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya hana ciyawa. Daga wajensu aka samo biredin masara, da fate-faten tsakin masara da mutanen kudu suke karyawa da shi suna kira grits, da gugguru, da ruwan zaƙin bishiyar maple da suke zubawa kan fanke. Talo-talo ma tsuntsun can ne. Bikin godiyarsu na Thanksgiving da ake yi Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, wanda Abraham Lincoln ya mayar na ƙasa a 1863, ana danganta shi da wani cin abinci da Turawan Ingila suka yi da ƙabilar Wampanoag a Plymouth a 1621 bayan mutanen sun koya musu noman masara sun tsira daga yunwa. Abinda ya biyo baya kuwa ƙwace ƙasa ne da kisa, shi yasa har yau wasu daga cikinsu ranar makoki suke ɗaukarta.

Abin dariyar shine wanda suka fi alfahari da shi, apple pie, wato gasasshen kwaɓin fulawa mai tuffa a ciki, har karin magana suke da shi, shi ne ba nasu ba ko kaɗan, tun 1381 akwai shi a rubuce a Ingila, ita kanta tuffa daga duwatsun Kazakhstan ta fito. Donot mutanen Holan suka kai New York tun tana New Amsterdam. Ketchup da miyar kifi ya fara a kudancin Sin, babu tumatir ciki, Heinz ya fara sayar da na tumatir a 1876. Mu ma nan Legas muna da irin wannan, frejon da 'yan Popo Aguda suke yi da wake da madarar kwakwa ranar Good Friday, kakanninsu da suka dawo daga bauta a Barazil suka zo da shi, su kuma can Bahia suna soya ƙosanmu da manja suna sayarwa a titi.

Maman Ilham, Agege

Kai jama'a Allah ya saka muku da alheri, ashe makaranta na shigo. Baba Alhaji ai idan na ajiye wa Hajiya garau-garau nace abincin Amurka ne sai ta ce in dawo mata da kuɗinta hhh. Yanzu dai na tsayar da soyayyiyar kaza da makaroni da ciz da ƙananan boga, shinkafa da waken ma zan yi ta irin tasu da talo-talo. Saura abu ɗaya na gashi da abu ɗaya mai zaƙi. Shi barbecue ɗin nasu da suya ɗaya ne ko da bambanci? Don idan ɗaya ne in kira mai suya kawai.

Ɗan Obalende

Hajiya ki kira mai suya mana, ga mu nan. Ni tun ina yaro nake bakin tukuba, kuma ina kallon masu barbecue ɗin nan a YouTube, nama guda su sa shi a wani ƙarfe tun dare har washegari, yo nama ai ba wake bane. Mu a yanka shi falle-falle a sa ƙuli da yaji a tsire a kafa a bakin wuta, kafin ka gama gaisawa da mutane ya yi. Abinda yake bani haushi ma a garin nan, Yaya Abu Hanif yace boga abincin lebura ne na senti 5, to ku zo VI da Lekki ku gani, an sa AC an sa waƙa, kuɗin guda ɗaya sai ya sayi tsiren da mutum uku za su ci su ƙoshi, kuma yara sai sun ɗauki hoto kafin su gatsa. Naman ciki bai fi tafin hannun jariri ba sauran duk biredi ne da ganye. Mu da muke zuwa mahautar Oko-Oba da asuba mun san kuɗin nama, mun san abinda ke cikin wannan biredin. Shawarata idan za ki yi bogar ki je Oko-Oba da kanki tunda kusa da ke ne, ki zaɓi nama mai ɗan kitse a jiki a niƙa miki a gabanki, idan jan nama zalla kika sa zai bushe ya yi tauri, kuma kada ki yi ta danna shi da cokali a kan wuta romon ne yake gudu.

Abu Hanif, Bronx

Hhh Ɗan Obalende ka ji tsoron Allah, amma maganar kitse ka yi daidai, su ma nan kashi 80 nama 20 kitse suke haɗawa. Barbecue da suya ba ɗaya bane Maman Ilham, ya fi kusa da balangu ko gashin tukuba amma shi hayaƙi ne yake dafa shi a hankali, wuta tana gefe can. Tun asali mutanen tsibiran Caribbean Turawan Sifen suka tarar suna gasa nama a kan ragar itace, a kudancin Amurka kuma bayi ne suka riƙe ramin gashin shekara da shekaru. A Carolina da Memphis alade ne kusan duka, ki bar wannan. Na Texas ne namu, ƙirjin sa, wanda mahauta Jamusawa da 'yan Czech na tsakiyar jihar suka shahara da shi, gishiri da masoro kawai, amma yana cin awa 12 ko fiye, ranar biki ba za ki samu wannan lokacin ba.

Ki yi fukafukan kaza irin na Buffalo, wannan kam ƙaninki bashi da ta cewa don a can aka haife shi, a 1964 wata mata Teressa Bellissimo ta fara yinsa a Anchor Bar a garin Buffalo jihar New York, lokacin fiffike abin zubarwa ne ko a sa a romo. Ki raba fiffiken biyu ki tsane ruwan sosai, ki soya ba tare da fulawa ba har ya yi ƙaras, ki narka bota ki haɗa da jan yaji mai ruwa da ɗan tsami, ki juye kazar ciki ki jujjuya da zafinta. Kada ki haɗa su da wuri, sai an kusa ci, in ba haka ba laushi zai yi.

Mai zaƙi kuma akwai biskit mai gutsattsarin cakulan da Ruth Wakefield ta fito da shi a masaukinta Toll House a Massachusetts a 1938, shima ɗan gida ne. Amma tunda yaran musulmi ne baƙaƙen fata, abinda zai girgiza su shine bean pie. Mutanen ƙungiyar baƙaƙen fata ta Nation of Islam suka yaɗa shi tun zamanin shugabansu Elijah Muhammad, daga baya ya zama na musulmin baƙaƙen Amurka gaba ɗaya, ana sayarwa a bakin masallatai ranar Juma'a da lokacin azumi. Ƙananan farin wake ake dafawa ya yi luguf a niƙa, a sa madara da ƙwai da sukari da bota da kirfa da ɗan nutmeg, a zuba cikin kwaɓin fulawa irin na meat pie a buɗe a gasa a oven har tsakiyar ta daina rawa. Idan wakenmu za ki sa ki surfe shi ki cire bawon kamar za ki yi alala, kuma ki bari ya huce sosai kafin ki yanka, ki yi shi tun jajibiri ma ya fi. Kwaɓin da bota za ki yi, idan kin ga an rubuta lard a wani girki na intanet kitsen alade ne, haka gelatin a kayan zaƙi na kwali sai kin ga tambarin halal.